Kwalaye Uku a Hanyar Geza

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Ruwa ya iso bakin masallacin unguwarmu. Kogin Kwara ya cika ya batse, an ce hanyar Birnin Kebbi ta yanke a wuri biyu. Barira ta ɗora buhunan shinkafa a kan benci, ni kuma na wuni a ɗakin kwalaye.

Ta leƙo ta same ni ina goge su da tsumma, ta ce, "Malam Lauwali, shekara ashirin da biyar kana kiwon kwali. Ko ƙwai guda sun taɓa yi ma?"

Na ci gaba da gogewa. Idan matata ta haɗa da sunana, faɗa take nema.

Kwalaye sittin da ɗaya ne. A cikin kowanne akwai jirgin sama, ko jirgin ruwa, ko tankar yaƙi, na roba, ɗan ƙarami, gunduwa-gunduwa, sai an bi takarda an haɗa da gam. Na farko a kasuwar Dole Kaina na tsince shi cikin dilar gwanjo da ta fito daga Kwatano, tun ina koyar da zanen injiniya a sakandare. Daga nan 'yan gwanjo suka gane ni, duk wanda ya ƙetaro iyaka da irinsa sai ya nufo gidana. Ban taɓa haɗa ko ɗaya ba, ban ma taɓa buɗewa ba. Abin da ke rufe babu abin da ya ɓace a cikinsa, babu abin da ya karye. Na sha yi wa mutane wannan bayani suna kallona kamar mai taɓin hankali.

Uku da na fi ji da su na sa musu kafur, na naɗe da baƙar leda, na zagaye da salatif, na cusa a buhu. Na ba Saifuddeen ya kai su Geza a babur, gidan ƙanena Badamasi, can tudu ne. Ɗana ne na fari, a takarda kawai nake iya ambaton sunansa. Ya tafi tun ƙarfe biyu.

Talata, 3 ga Satumba, da hantsi

Bai dawo ba. Na kira Badamasi, ya ce bai ga kowa ba. Wayar yaron a kashe.

Na duba kwalaye. Lafiya lau. Gurbin uku ne kawai a kanta ta sama.

Talata, bayan azahar

Gidaɗo ya zo. Ɗan banga ne, yana taya jami'an da ke shingen hanyar Geza tsaro tun da mutanen daji suka fara ƙetarowa. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa.

"Malam, yaronka na shinge. Lahiyatai lau, da idona nig gane shi."

"Mi yay yi?"

"Cewa sunka yi shi kwance kaya, yaƙ ƙiya. Sau ukku ana ce mai. Da sunka yage ledar da kansu sai ga hoton jirgin yaƙi, ga rubutun da babu mai iya karantawa. Kai ko ka san zancen da ake yi kwanan nan."

Na sani. An ce mutanen daji sun samo ƙananan jirage marasa matuƙi, a kwali ake shigo musu da su. Ni ma na ji a majalisa, har na yi dariya a lokacin.

Barira tana bayan ƙofa. Ta koma ta ci gaba da tsince shinkafar da ta riga ta tsince da safe.

Laraba, 4 ga Satumba, bayan la'asar

Na je da hular da nake sawa ranar taron iyayen yara, da katin fanshona. Ba su bar ni na gan shi ba.

Kwalayen na gani. Can ƙarshen fili suka haƙa rami suka sa su, suka kewaye da buhunan yashi, babu mai zuwa kusa. Tsoron buɗewa suke yi, kada abin ya tashi da su. Allah ya gani, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne damshin ƙasa zai lalata kwali. Na rubuta ne don kada in yi wa kaina ƙarya.

Ogansu yaro ne, bai fi ɗalibaina na farko ba, idanunsa jajir don rashin barci. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Baba, kayan wasa ka ce?"

"Kayan wasa na, ranka shi daɗe."

"Mutum zai tsaya a gaban bindiga ya ce ba za a buɗe kayan wasa ba? Me ya hana shi?"

Na yi shiru.

Ya ce masu binciken irin waɗannan kaya za su zo daga Birnin Kebbi da zarar hanya ta buɗe. Su za su ɗauki kayan, da mai kayan. Na tambaye shi ina za su kai shi. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa.

Alhamis, 5 ga Satumba, da safe

Na duba kwalaye. Lafiya lau.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Liman ya yi addu'a Allah ya janye ruwa, masallaci ya amsa da amin. Ban ce amin ba. Ni kaɗai ne a Bagudo nake so hanyar nan ta zauna a yanke, alhali shinkafar mutane tana ruɓewa a fadama.

A sahu an bar gurbin mutum ɗaya a damana. Wai gudun tsautsayi. Atiku mai kanti, wanda na koya wa riƙe fensir, ya gaishe ni yana kallon takalminsa. Labari ya riga ni zuwa: Malam Lauwali yana da ɗaki guda da ba ya barin kowa ya shiga. Gaskiya ne kuma, ta ina zan musa?

Lahadi, 8 ga Satumba, da hantsi

Na samu Barira a ƙofar ɗakin kwalaye da galan ɗin kalanzir.

"Ko ka hito da su mu ƙone, ko in zuba su Kwara. In sunka zo bincike sunka iske wanga tari, mi za ka ce?"

Na ce idan muka ƙone su sai a ce mun ɓatar da shaida. Maganar tana da ma'ana, na sani. Amma ba don ita na tsaya a bakin ƙofar na ware hannuwa ba, ita ma ta sani.

Ta ajiye galan ɗin a hankali. Ta ce, "Shi ko wancan, wa yat tsaya mai bakin ƙohwa?"

Wancan. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko kallonsa a gaban mutane. Yanzu kullum tana dafa tuwo a kwanonsa ta ba Gidaɗo, ta ce, "Ka kai ma mutanen shinge." Ba ta yi kuka a gabana ba. Gara ta yi, da na san abin da zan yi da ita.

Talata, 10 ga Satumba, bayan azahar

Na gan shi. Ta taga, minti biyu, Gidaɗo ne ya roƙa mini.

Yana tafiya a hankali. Rigar da ya fita da ita ce a jikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar a tsakar gida muke, ya daɗe kafin ya miƙe. Hannunsa na hagu yana cikin aljihu, bai fito da shi ba.

Ya ce, "Baba, ban bari ba. Da kansu sunka yage ledar, amma kwalin ba su taɓa ba."

Na ce masa to. To kawai na ce.

Ba zan rubuta sauran ba.

Laraba, 11 ga Satumba, da safe

Ruwa ya ja da taki ɗaya a jikin katangar masallaci. Na auna da hannuna. Yara suna ta murna.

Ina jin tsoro. Duk motar da ta wuce sai in leƙa waje. Na duba kwalaye sau biyu, ban san me nake dubawa ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan la'asar

Ayodele ya rufe shagonsa ya zo. Shi ke gyaran agogo da waya a bakin tasha, shekara goma sha takwas a garin nan, kuma shi kaɗai ne ya shigo gidana a makon nan ba tare da ya waiga ba. Na shigar da shi ɗakin kwalaye. Shi ne baƙo na farko.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba Malam, maganar baki ba za ta yi ba. Mutumin da yake jin tsoro sai ya gani da ido. Ka buɗe ɗaya, mu haɗa, ka kai masa ya riƙe a hannu. Ina da gam, ina da matsefata."

Ya miƙo mini reza. Na riƙe ta, na ɗauko kwali, na mayar, na ɗauko wani. Kowanne sai in ga dalilin da ba shi ya kamata ba. Wannan babu irinsa, wancan ledarsa ta kamfani ce. Har aka kira magariba.

Ayodele ya juya. Ya bar rezar a kan kanta ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 13 ga Satumba, da hantsi

Na buɗe.

Na zaɓi wanda na fi rainawa, wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya da ke can ƙasan kanta, bakinsa liƙe da tsohon salatif tun daga gwanjo. Na yanka, na ɗaga murfin, ina jiran in ga gunduwoyi a jere.

Jirgin a haɗe yake.

An haɗa gangar jikin, an sa farfela da tayoyi. Fukafukan an haɗa su an kuma cire, an kwantar a gefe, don ba zai koma kwalin da su ba. Ba da gam aka yi ba, da ƙaro aka yi, irin wanda yara ke ɓantarowa a jikin itace, ya bushe ya yi ja. Wutsiyar a karkace. Na juya kwalin, sai ga ƙasansa an tsaga da wuƙa an mayar an liƙe, shi ma da ƙaro. A jikin takardar bayanin an yi alama da fensir a kan kowane mataki, ɗaya zuwa goma sha huɗu, irin alamar da nake yi wa ɗalibai a littafi. A ƙasa an rubuta: S. L., aji biyar.

Yana aji biyar ke nan, shekararsa goma sha ɗaya. Lokacin da yake tsayawa a bakin ƙofa yana cewa, "Baba, yaushe za mu haɗa?" ina cewa sai ka girma. Shekara goma sha biyar ina goge kwalin nan kowace safiya ina cewa lafiya lau.

Na kira Barira na nuna mata. Ta ɗauki jirgin, ta juya shi, ta shafa ƙaron da babban yatsa. Ta ce, "Ran nan na yay yanke hannu. Yac ce min kara na." Sai ta fita da sauri.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan sallar asuba

Ogan ya tambaye ni me ya hana shi buɗewa, na yi shiru. Bari in rubuta a nan.

Ranar Litinin ɗin, ya riga ya tayar da babur, na riƙe kan babur ɗin na ce, "Ko wa yac ce ka buɗe, kak ka buɗe. Ko wa na. In ka bari anka buɗe, ban yahe ba."

Haka na ce. A kan roba. Na san akwai shinge a hanyar, na bi ta nan ya fi sau hamsin. Badamasi nake tunani da 'ya'yansa masu ƙiriniya, shingen bai ko faɗo mini a rai ba.

Ruwa ya ja da taki uku.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Mun wuni da Ayodele muna gwada haɗa wani. Ni da na shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane karanta zane, na kasa. Na karya ƙafar taya, na liƙe yatsuna biyu da gam. Ayodele ya ce, "Baba Malam, bar wannan. Ka kai na yaron. Shi ya fi magana."

Ya mayar masa da fukafukan, bai gyara wutsiyar ba. Ya ce a bar ta yadda mai ita ya sa.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan azahar

Na ajiye jirgin a kan teburin Oga, da kwalinsa, da takardar. Na faɗa masa abin da na ce wa yaron, kalma da kalma, a gaban yaransa. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya. Ogan bai yi ba.

Ya hura farfelar, ta juya. Ya shinshina ƙaron. Ya daɗe yana kallon alamun fensir.

"Wannan na gida ne. Waɗancan ukun ban san abin da ke ciki ba, kuma ba zan tura yarona ko ɗaya ya taɓa ba." Ya murza idanu. "An ce motar masu binciken tana zuwa ranar Alhamis. Jibi da safe ka zo. Kai da shi za ku shiga ramin ku buɗe, mu muna nesa. In abin da ka ce ne, ku haɗa ɗaya in gani. In ba shi ba ne, Baba, ka san abin da ke hannunmu."

Na ce na yarda. Sai a hanya wani tunani ya kama ni: ni ma ban san abin da ke cikin ukun nan ba. Daga dilar gwanjo suka fito. Wanda na rantse ban taɓa buɗewa ba na same shi a haɗe. Me zai hana waɗannan su zo da wani abin?

Talata, 17 ga Satumba, da magariba

Babbar mota ta farko ta shigo gari daga Birnin Kebbi, tayoyinta duk laka. Ta lemo ce. Na tsaya ina kallonta har ta wuce.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, a jere.

Ƙarfe takwas suka fito da shi. Muka taka filin mu biyu, ina gaba yana baya, sai na rage sauri don ya cim mini. Su suna can bayan motarsu, mutum shida, bakin bindigogi yana kallonmu. Gidaɗo yana gefe ya ɗora hannu a ka. Ayodele ya tsaya a bakin titi da 'yar jakarsa, sun yarda na karɓi gam da matsefata da reza.

Muka shiga ramin. Kwalayen sun sha damshi, kusurwar ɗaya ta kumbura. Na ciro reza, ta suɓuce mini ta faɗi cikin yashi. Ya ɗauka da hannun dama. Ya jawo kwalin farko gabansa, ya ɗora bakin rezar a kan ledar kamfanin.

Sai ya tsaya. Ogan yana ta ihu daga nesa, "Ku buɗe mana!" Na ji an ɗana bindiga. Shi kuwa ya ɗago kai yana kallona, kwana goma sha shida a tsare, leɓensa a fashe.

Ya ce, "Baba, in buɗe?"

Ban san irin muryar da ta fito mini ba. Na ce, "Buɗe, Saifuddeen. Buɗe. Na yahe, kai za ka yahe min."

Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai yau.

Ya yanka. Roba ce, toka-toka, a jere a jikin firam ɗinta, babu abin da ya ɓace. Na biyu haka, na uku haka. Na ɗaga su sama ɗaya bayan ɗaya ina juyawa don su gani.

Suka matso kaɗan-kaɗan. Yaron ne ya haɗa, a kan murfin kwali, cikin rana. Hannun hagun ba ya riƙe abu, yatsu biyu sun kumbura, don haka ni nake riƙe masa yana sa gam. Yana cewa, "Lamba bakwai, Baba. A'a, waccan. Riƙe nan, kak ka matsa." Ina yin abin da ya ce. Awa biyu da rabi. Kafin mu gama duk shidan sun tsuguna a bakin ramin, ɗaya har yana nuna mana inda tayar ta faɗi.

Ogan ya karɓi jirgin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce zai ajiye shi ya nuna wa masu zuwa. Ya ce, "Ɗauki ɗanka, Baba." Ban tambaye shi zancen hannun ba. Na ji tsoro kada ya sake shawara.

Da muka shigo gida Barira tana tsakar gida tana wanke kwanonsa. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, daga kai har ƙafa, ta tsaya a kan hannun. Ta ce, "An dawo?" Ya ce, "An dawo, Inna." Ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa, sai a lokacin muka ji kukanta.

Alhamis, 19 ga Satumba, da hantsi

Motar masu binciken ta wuce ta bakin tasha ƙarfe tara, Ayodele ya aiko ya faɗa mini. Ta koma ba kowa a bayanta.

Mai ɗori ya zo ya duba yatsun. Ya ce ɗaya zai koma daidai, ɗayan sai abin da Allah ya yi.

Bayan ya tafi na kira yaron ɗakin kwalaye. Na buɗe ƙofar duka, na sa dutse na tokare ta. Na miƙa masa rezar na ce duk nasa ne, ya buɗe wanda ya ga dama, yau ko gobe, ni zan riƙe masa.

Ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda yake tsayawa yana yaro. Ya dubi kantocin tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Na gode, Baba. A bar su hakanan." Ya ajiye rezar a kan taga ya koma wurin uwarsa.

Yau ban duba kwalaye ba.